Littafi ɗaya kuɗinka zai saya: wanne za ka ɗauka a kan tarihin kuɗi da ma'auni?

Duk wanda ya fara bincike a kan tarihin kuɗi da awo zai riƙa cin karo da sunaye iri ɗaya a ƙasan shafukan maƙaloli: Davies, Einzig, Spufford, Kula, Hinz, Hogendorn da Johnson, sai kuma Maƙrizi in marubucin ya leƙa ɓangaren Larabci. Da yadda canji yake a yau, ɗalibi ko malamin makaranta ba zai iya tara su duka ba. Ɗaya zai saya, in ya matsa wa aljihunsa biyu. Ga shi kuma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, ko da yake a kanta guda ake jera su a laburare. Wanda ya sayi Davies don ya san girman sa'i ya yi asarar kuɗinsa, haka ma wanda ya ɗauko Hinz yana tsammanin labari mai daɗin karatu.

Abin da za a auna su da shi

Abu na farko, wanda a wannan fanni ya fi komai, shi ne inda marubucin ya samo alƙalumansa. Akwai wanda ya ɗora tsabar kuɗi a kan sikeli. Akwai wanda ya zauna da kundin lissafin kamfanonin jiragen ruwa. Akwai kuma wanda ya kwafo daga wani matafiyi, wanda shi ma a bakin tafinta ya ji. Dukansu za su rubuta maka lamba da ƙarfin gwiwa iri ɗaya, sai ka duba madogararsu sannan ka san wanda ya gani da wanda ya ji.

Na biyu ƙarko. Ana nufin ko bincike na baya ya rushe littafin ko a kansa ya yi gini, sannan ko shi kansa kwafin zai jure zafi da ƙura da yawan buɗewa. Na uku sauƙi: da wane harshe aka rubuta shi, kuma wane irin sani yake ɗauka kana da shi tun kafin ka buɗe. Na huɗu farashi da samuwa, inda sau da yawa kuɗin aiko littafi daga waje ke neman kamo kuɗin littafin. Na ƙarshe haɗari, wato ta inda littafin zai iya sa ka rubuta kuskure a kundin digirinka ko ka faɗe shi a gaban ɗalibai ba ka sani ba. Kowannensu yana da irin wannan kafa, kuma gara ka san ta kafin ka biya.

Glyn Davies: A History of Money

Shi ne wanda aka fi ba mai farawa shawarar ya saya. Masanin tattalin arziki ne ɗan Wales, littafin ya fito a 1994, an yi ta sake buga shi, bugu na huɗu ya fito a 2016 bayan rasuwarsa, da gyaran Duncan Connors. Ya haura shafi 700. Ya faro daga musayar kaya da shanu da wuri, ya bi ta ajiyar hatsi a Mesofotamiya da tsabar kuɗin farko da aka buga a Lidiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya gangaro har kafa Bankin Ingila a 1694 da rikice-rikicen bankunan ƙarni na 20. Ra'ayin da ya ɗaure littafin da shi yana da sauƙin riƙewa: tarihin kuɗi kai-komo ne tsakanin masu son kuɗi ya yi daraja, wato masu bin bashi, da masu son ya yawaita, wato waɗanda ake bi.

Turancinsa mai sauƙi ne, ba ya buƙatar ka san lissafin tattalin arziki. Tsoffin bugu kan samu da rahusa a wurin masu sayar da littattafan hannu a intanet, kuma ga mai neman tarihin da ya gabaci 1900 tsohon bugu ya wadatar. Sai dai mai bangon takarda kauri ya yi masa yawa, in ana yawan shimfiɗa shi a kan tebur gindinsa kan tsage.

Rauninsa shi ne Birtaniya ta cinye tsakiyar littafin. Dinari da dirhami, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna juya kasuwanci daga Andalus zuwa Indiya, kaɗan suka samu. Akwai sashe a kan Nijeriya, amma na zamanin Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 da bankunan bayan 'yancin kai ne. Yawancin abin da ya faɗa a kan zamanin da, daga wasu littattafan ya tattaro. Don haka yana da kyau a karanta shi don a san hanya, amma bai kamata a kafa hujja da shi a kan nauyin wani kuɗi ko farashin wani abu ba.

Hogendorn da Johnson: The Shell Money of the Slave Trade

A nan zan daɗe, domin a ganina wannan ne ya fi cancantar kuɗin mai karatu Bahaushe. Jami'ar Kambirij ta buga shi a 1986, bai kai shafi 250 ba. Jan Hogendorn masanin tattalin arziki ne Ba'amurke, wanda tun kafin nan ya yi littafi a kan yadda fitar da gyaɗa ya faro a Kano. Marion Johnson kuwa a Cibiyar Nazarin Afirka ta Yamma ta Jami'ar Birmingham ta yi aiki, kuma maƙalolinta biyu na 1970 a kan kuɗin wuri su ne tushen littafin.

Sun bi wuri tun daga inda ake kamo shi. A tsibiran Maldif, a Tekun Indiya, akan jefa rassan kwakwa cikin ruwa, halittun su hau su manne, a janyo su a baza a yashi har naman ya ruɓe, a wanke, a ƙulla su cikin ganyen kwakwa dubu 12 a kowane ƙunshi. Mutanen tsibiran kan musanya su da shinkafar Bengal. Daga can jiragen kamfanonin Holan da Ingila su zuba su a gindin jirgi a matsayin kayan nauyi da ke hana tangaɗi, a kai su Amsterdam da Landan a yi gwanjonsu, sannan a sake lodinsu zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a sayi bayi da su. Marubutan sun bi takardun kamfanonin da na kwastan shekara bayan shekara, suka nuna cewa biliyoyin wuri ne suka shigo a ƙarni na 18 kaɗai.

Wurin da littafin ya fi armashi shi ne labarin karyewar darajar wuri. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Hambug na Jamus suka gano cewa akwai wani irin wuri, ɗan babba, a gaɓar Zanzibar, mai araha ƙwarai, kuma mutane za su karɓe shi. Suka yi ta jibgo shi. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya wuri 2,500 ce. Kafin ƙarnin ya ƙare ta kai kusan ninki biyu, a bakin teku kuwa abin ya fi haka muni. Kuɗin da ake ɗauka a ka ko a bayan jaki, in darajarsa ta faɗi, ladan ɗaukarsa sai ya fara cinye shi. Ka tuna kuma a ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a kudu, zube yake, biyar-biyar ake ƙirga shi da yatsu ana tarawa tsibi-tsibi, har a cika keso na dubu 20. Barth ya ga ana wannan aiki a Tasawa, ya kuma bayyana wahalarsa. Da Turawan mulki suka hana shigo da wuri a 1904, sun tarar da kuɗin da ya riga ya gaji.

Ƙarkonsa ba a magana. Waɗanda suka zo daga baya, irin su Jane Guyer a 2004 da Bin Yang a 2019, a kan alƙalumansa suka ɗora nasu aikin, ko da sun saɓa masa wajen fassara. Karatunsa matsakaici ne: babobin tsakiya cike suke da jadawalin tan-tan na kaya, ana iya tsallake su a karon farko. Farashi ne matsalarsa. An sake fitar da shi da bangon takarda a 2003, amma littattafan jami'o'in waje ba su da araha, kuma ba kasafai ake samun na hannu ba.

Haɗarinsa guda ne babba. Idonsa a kan teku yake. Wuri ya riga jiragen Turawa isa Afirka ta Yamma ta hanyar Sahara: Ibn Baɗɗuɗa a ƙarni na 14 ya ga ana canjin wuri 1,150 da dinari ɗaya a Mali da Gawo, alhali a Maldif ya ga dubu 400 a kan dinari. Tsohon littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, a farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa, Barno kuwa ba ta karɓe shi ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19, da gabaga take ciniki. Littafin ya taɓo duk wannan, amma bai zauna a kai ba. Mai rubutu a kan Daular Sakkwato sai ya haɗa da maƙalolin Johnson na 1970 da ta Paul Lovejoy ta 1974 a kan yadda kuɗi ke zagayawa tsakanin yankunan Nijeriya. Duka a mujallar Journal of African History suke, kuma JSTOR, ma'ajiyar maƙalolin ilimi a intanet, na barin mai rajista ya karanta wani adadi na maƙaloli kyauta kowane wata.

Maƙrizi: Igasatul Umma da Shuzurul Uƙud

Wannan daban yake da sauran, domin shi shaidar gani da ido ne. Taƙiyuddin Ahmad ɗan Ali al-Maƙrizi ya rayu a Alƙahira daga 1364 zuwa 1442, ya kuma riƙe muƙamin muhtasibi, mai lura da farashi da mudu da sikelin kasuwa. Ya rubuta Igasatul Umma bi Kashfil Gumma a shekara ta 808 bayan Hijira, wato 1405, ana tsakiyar yunwa da tsada. Ya jero yunwar da aka taɓa yi a Masar tun zamanin da, har da ta zamanin Annabi Yusuf, sannan ya ce ta zamaninsa ba ƙarancin ruwan Nilu kaɗai ya jawo ta ba. Dalilai uku ya kawo: sayen muƙamai da cin hanci, tsawwala kuɗin hayar gonaki a kan manoma, da ambaliyar fulus, wato kuɗin jan ƙarfe, wanda ya kori azurfa daga kasuwa har aka koma auna shi a sikeli maimakon ƙirgawa.

Akwai wani sashe da ya kasa mutanen Masar gida bakwai, daga masu mulki zuwa mabarata, yana duba yadda tsadar ta taɓa kowane gida. Ya lura cewa masu rayuwa da ƙayyadadden albashi, malamai da ɗalibai da ƙananan sojoji, suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ma'aikacin da ya ga abin da ya sami albashinsa a 'yan shekarun nan ba ya buƙatar sharhi a wannan shafi.

Shuzurul Uƙud fi Zikrin Nuƙud kuwa ƙaramar risala ce a kan tarihin kuɗin Musulunci: yadda aka yi amfani da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa, yadda Abdulmalik ɗan Marwan ya buga kuɗi na rubutun Larabci zalla a ƙarshen ƙarni na 7, da ƙa'idar dirhami 10 daidai da miskali 7. Tun 1797 Turawa suka buga ta suka fassara. Akwai ta kuma cikin tarin nassoshin da Anastas al-Karmali na Bagadaza ya buga a Alƙahira a 1939, tare da abin da Balazuri ya rubuta a kan kuɗi.

Ga mai Larabci, babu mai araharsu. Ƙanana ne, ana samun su a intanet kyauta, kuma wanda ya yi karatun zaure ba zai sha wahalar lafazinsu ba in ban da sunayen muƙaman Mamluka, masu mulkin Masar a zamaninsa. Wanda ba shi da Larabci sai ya nemi fassarar Adel Allouche ta 1994, mai suna Mamluk Economics, wadda ke da bayanai masu amfani amma tana da wuyar samu.

Haɗarin shi ne Maƙrizi mai ƙorafi ne, yana da ra'ayin da yake karewa, cewa zinariya da azurfa kaɗai suka cancanci zama ma'aunin farashi. Abin da ya gani a kasuwar Alƙahira abin dogaro ne. Abin da ya ruwaito na ƙarnin farko na Musulunci, wanda ke tsakaninsa da shi shekara 700, sai an gwada shi da tsabar kuɗin da suka saura a gidajen tarihi. A kula kuma da bugu: akwai waɗanda aka yi ba tare da tahƙiƙi ba, wato ba a tantance nassin da rubutun hannu na asali ba, kuskuren lamba ɗaya a irin wannan littafi yana ɓata lissafi gaba ɗaya.

Walther Hinz: ma'aunan Musulunci a lissafin mita da giram

Littafin wannan masani Bajamushe siriri ne, bai kai shafi 70 ba a bugun farko da kamfanin Brill ya yi a 1955 da Jamusanci. Ba a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, ana buɗe shi ne kamar ƙamus. Kashi huɗu ne: nauyi, awon hatsi da ruwa, tsawo, da faɗin ƙasa. A ƙarƙashin kowace kalma, rotali ko ƙinɗari ko zira'i ko irdabbi, zai gaya maka nawa take a wane gari a wane ƙarni. Nan za ka ga rotalin Masar wajen giram 450 ne, na Dimashƙa kuwa ya doshi kilo 2. Wanda ya karanta "rotali goma" a wani littafin tarihi bai tambayi garin ba, bai san abin da ya karanta ba.

Ba dole sai ka iya Jamusanci ba. Kamil al-Asali ya fassara shi zuwa Larabci, Jami'ar Jodan ta buga a 1970, kuma wannan fassara ita ta fi yawo a hannun ɗalibai. Akwai ta Turanci da Ismail Marcinkowski ya yi a Kuala Lumpur a 2003. Asalin na Brill yana da tsada in aka dubi sirantarsa.

Madogararsa mai ƙarfi ce a wajen nauyin kuɗi, domin ya yi amfani da duwatsun awo na gilas da suka saura daga Masar. A wajen awon hatsi kuwa lissafi ne a kan lissafi, kuma a nan haɗarin yake. Yakan ba da lamba har da ɗigo uku ko huɗu, sai mai karatu ya ɗauka an gama magana. A lissafinsa sa'in Annabi ya ɗan haura lita 4, alhali da yawa daga malaman Musulunci na wannan zamani suna sanya shi wajen lita 3 ko ƙasa. Saɓanin ma tsoho ne: Hanafawa sun ce sa'i rotali 8 ne, Malikawa da Shafi'awa da Hambalawa sun ce 5 da sulusi. Saboda haka wanda ke neman hukuncin zakkar fid da kai, ko nisabin dinari 20 da akan lissafa giram 85 na zinariya, ko rubu'in dinarin sadaki, wurin malaman fiƙihu zai je. Hinz zai taimaka masa ne ya fahimci dalilin da ya sa lambobin suka bambanta. Ba shi da wani abin kirki a kan Afirka ta Yamma. Miskalin da aka auna zinariya da shi a Tambutu da Kano sai a maƙalar Marion Johnson ta 1968.

Witold Kula: Measures and Men

In Hinz ya gaya maka girman mudu, Kula zai tambaya wa ke riƙe da mudun. Masanin tarihi ne ɗan ƙasar Folan (Poland), littafin ya fito da harshensu a 1970, fassarar Turanci ta fito daga Jami'ar Princeton a 1986. Ya yi aiki da takardun kotu da na gidajen sarauta a Folan da Faransa, ya nuna cewa kafin zuwan mita awo fagen kokawa ne tsakanin mai ƙasa da manomi. Mai ƙasa yana karɓar haraji da babban ma'auni ya sayar da ƙarami. Ana rigima a kan ko a cika da tozo ko a share baki, ko daga wane tsawo za a zubo hatsin, domin wanda aka zubo daga sama ya fi danƙarewa. Ma'auni mai faɗin baki ya fi mai zurfi ɗaukar tozo ko da cikinsu ɗaya. A birane kuma farashin burodi ba ya motsi, nauyinsa ne ke raguwa in alkama ta yi tsada.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan awo yana kallon yadda ake dafe tozon tiya da hannu, ko ya juya kwano ya ga an buga gindinsa ya shige ciki, zai gane littafin nan tun daga babin farko, ko da yake Kula bai rubuta shi a kanmu ba. Bai kuma raina tsoffin ma'aunai ba. Ya nuna cewa auna gona da yawan irin da take ci, ko da kwanakin da za a yi ana huɗarta, ya fi gaya wa manomi gaskiyar gonar fiye da tsawo da faɗi. Sashen da ya bi takardun koken da Faransawa suka rubuta a 1789, inda ƙauye bayan ƙauye ke roƙon a yi ma'auni ɗaya, shi ya fi kowanne ƙarfi. Ya kuma nuna cewa ko bayan an ƙirƙiro mita, sai a 1840 ta zama dole a Faransa.

Yana da daɗin karatu a rabin farko, rabin na biyu ya nutse cikin lardunan Folan da sunayen da za su gajiyar da kai. Ya doshi shafi 400, sabon kwafi yana da tsada. Ba ya tsufa, don har yau duk mai rubutu a kan tarihin awo da shi yake farawa. Haɗarinsa shi ne ba ya ba ka jadawalin canji, kuma misalansa na Turai ne, kada a kwaso su a ɗora wa Dawanau ba tare da an je an duba ba.

Biyu da ba zan daɗe a kansu ba

Peter Spufford, Money and its Use in Medieval Europe, na 1988, aiki ne mai inganci sosai: mahaƙun azurfa na Jamus da Bohimiya, dawowar kuɗin zinariya a Jenowa da Filorens a 1252, da ƙarancin tsabar kuɗi a ƙarni na 15. Zinariyar Afirka ta Yamma da ke ƙetare Sahara tana ciki, amma daga inda ta sauka ake kallonta. Yana ɗauka ka san tarihin Turai. In ba ka sani ba, zai yi maka nauyi, ga tsada.

Paul Einzig, Primitive Money, na 1949 da bugu na biyu a 1966, ya tara labarin kuɗin gargajiya daga ko'ina, daga duwatsun tsibirin Yap zuwa gishiri da shanu da ƙarfe. Ɗan jaridar harkar kuɗi ne a Landan, daga rahotannin matafiya da jami'an mulkin mallaka ya tattaro, bai tace su sosai ba, kuma kallon da yake yi wa mutanen na zamaninsa ne. A yi amfani da shi don a gano inda za a duba. Ban ga dalilin da zai sa mai kuɗin littafi ɗaya ya saye shi ba.

| Littafi | Abin da yake amsawa | Madogara | Sauƙi | Farashi da samuwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Davies | Tarihin kuɗi gaba ɗaya | Littattafan wasu | Mai sauƙi | Na hannu da rahusa | Birtaniya ta yi yawa |
| Hogendorn da Johnson | Wuri da cinikin bayi | Takardun kamfanoni da kwastan | Matsakaici | Tsada | Cikin ƙasa bai samu isasshen wuri ba |
| Maƙrizi | Dinari, dirhami, fulus, tsada | Gani da ido da ruwaya | Sauƙi ga mai Larabci | Kyauta ko araha | Ra'ayi, da bugu marar tahƙiƙi |
| Hinz | Girman ma'aunan Musulunci | Duwatsun awo da nassoshi | Na dubawa ne | Fassarar Larabci ta fi samuwa | Lambobi masu kama da tabbas |
| Kula | Awo da iko | Takardun kotu da koke | Rabi sauƙi, rabi nauyi | Tsada | Misalan Turai zalla |
| Spufford | Kuɗin Turai na tsakiyar zamani | Maƙerar kuɗi da 'yan kasuwa | Mai nauyi | Tsada | Sai da sanin tarihin Turai |
| Einzig | Kuɗin gargajiya na duniya | Rahoton matafiya | Mai sauƙi | Sai na hannu | Labaran da ba a tace ba |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Ɗalibin tarihi ko tattalin arziki da ke rubuta kundi a kan kasuwancin Kano, Katsina, Damagaram ko Sakkwato kafin zuwan Turawa ya sa kuɗinsa a Hogendorn da Johnson, ya karanta maƙalolin Johnson da Lovejoy a intanet. Kafin ya biya, ya fara tambaya a laburaren jami'arsa ko a Gidan Arewa da ke Kaduna, domin in akwai kwafi a kusa, kuɗin sai su tafi ga Kula.

Malamin Islamiyya ko ɗalibin Shari'a mai son ya fahimci dinari da dirhami da sa'i ba ya buƙatar canjin dala ko kaɗan. Shuzurul Uƙud da fassarar Larabci ta Hinz sun ishe shi, a ajiye su kusa da littattafan fiƙihu, a kuma riƙa rubuta sunan gari da ƙarni a gefen kowace lamba da aka ciro.

Ɗan jarida ko mai sharhi a kan faɗuwar darajar naira ya fara da Igasatul Umma, da Larabci ko a fassarar Allouche, sannan babin hauhawar farashi na littafin wuri. Ma'aikacin banki, ko malamin sakandare mai son littafi guda da zai riƙa komawa gare shi don shirya darasi, Davies ne nasa, tsohon bugu, kuma in da hali mai bango mai tauri.

Jami'in hukumar awo da sikeli, ko mai bincike a kan kasuwannin hatsi da dalilin da ya sa kilo ya kasa korar mudu, Kula zai nema, ya karanta rabin farko da sashen Faransa, ya bar lardunan Folan sai ya samu sarari. Spufford na wanda zai bi zinariyar Mali har inda aka narka ta ne. Einzig kuwa a aro shi a laburare.